Ƙofar haske, na'urar ɗiga ko wayar malam: da wanne za a auna ƙaruwar gudu a ɗakin gwajin fiziks?

Duk malamin fiziks da ya taɓa miƙa wa ɗalibi agogon awo ya ce ya auna lokacin da dutse zai ɗauka kafin ya faɗo daga tsayin mita ɗaya, ya san abin da ke biyo baya. Dutsen yana isa ƙasa cikin kusan sakan 0.45. Shi kuwa ɗan Adam, tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna, yana cin kusan sakan 0.2. Na taɓa tsayawa gaban aji ina rubuta amsoshin yara a allo: wannan ya samu 0.3, wancan 0.6, wata yarinya ta samu 0.7, kuma kowa ya rantse shi ne a kan daidai. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kayan aikin ne bai kai girman aikin ba.

Matsalar tsohuwa ce. Galileo ma a Italiya, kusan shekara 400 da suka wuce, bai iya auna faɗuwa kai tsaye ba. Sai ya rage mata sauri: ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla a kan katako mai kwari, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya tsiyayo daga wani mazubi. Mu yanzu muna da zaɓi fiye da nasa, kuma tambayar da 'yan'uwa malamai suka fi yi ita ce: in an samu ɗan kuɗin sayen kaya, ƙofar haske za a saya, ko a tsaya ga tsohuwar na'urar ɗiga, ko a yi aiki da wayar da ke aljihu?

Kafin mu shiga, kada wani ya ɗauka agogon awo ya zama tarihi. A jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO da shi yara za su yi aiki, su ƙirga lilo ashirin na zare mai ɗauke da nauyi, su raba lokacin da ashirin. A can yana da kyau, domin kuskuren yatsa ya rarrabu a kan lilo ashirin. Inda yake gazawa shi ne abin da ke faruwa sau ɗaya cikin ƙiftawar ido, kuma auna ƙaruwar gudu irin wannan aikin ne.

Yadda ƙofar haske take aiki

Siffarta kamar ƙaramar ƙofa ce mai ƙafa biyu. A ƙafa ɗaya akwai ɗan ƙwan fitila mai fitar da hasken infared, irin wanda ke bakin rimot ɗin talabijin, wanda ido ba ya gani. A ɗaya ƙafar akwai ɗan ido mai karɓar hasken. Idan wani abu ya gifta ya tare hasken, agogon lantarki ya fara ƙirga. Da ya wuce, ya tsaya. Sai a kafa kati mai sanannen tsawo a kan 'yar kurar gwaji, a raba tsawon katin da lokacin da ya tare hasken, a samu gudun kurar a wannan wuri.

Ƙaruwar gudu kuwa tana bukatar gudu biyu. A ce katin santimita 5 ne. A ƙofar farko ya tare haske na sakan 0.100, wato gudun mita 0.50 a sakan. A ƙofa ta biyu, santimita 40 a gaba, ya tare na sakan 0.0625, wato mita 0.80 a sakan. A ninka kowane gudu da kansa: 0.64 da 0.25. A cire, saura 0.39. A raba da ninkin tazarar sau biyu, wato 0.80, a samu kusan 0.49. Wannan ita ce ƙaruwar gudun da ake sa ran samu idan an ɗaga katakon santimita 5 a kowace mita, kuma babu gogayyar da ta ci wani abu. A zahiri tayoyin kura kan ci, don haka amsa takan fito ƙasa da haka kaɗan, kuma wannan giɓin darasi ne mai zaman kansa.

Kamfanoni irin su Vernier da PASCO na Amurka da Data Harvest na Ingila suna ƙera ƙofofin da ke ƙirga lokaci har kashi ɗaya cikin dubu na sakan, wasu ma ƙasa da haka nesa. Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Suna ganin lambobi huɗu ko biyar bayan ɗigo sai su ɗauka amsar ta zama yankan wuƙa. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Agogon ba ya kuskure sosai, amma katin yana yi. Idan ka yanka kati da almakashi ka auna shi da rula, kuskuren rabin milimita a santimita 5 kashi ɗaya ne cikin ɗari a gudu. Da ka ninka gudun da kansa ya koma kashi biyu. Idan kuma ƙofofin suna kusa da juna har gudun farko da na biyu suka yi kusan ɗaya, sai ka cire babbar lamba daga babbar lamba ka samu 'yar ƙarama, kuskuren ya kumbura ya mamaye ta. Wannan ya fi muni idan ƙofa ɗaya tana ganin katin ya fi tsawo fiye da yadda ɗayar ke gani, abin da ke faruwa idan katin ya karkace ko ƙofofin ba su daidaita ba.

Akwai wani tarkon da ban cika jin ana maganarsa ba. Gudun da ƙofa ke bayarwa matsakaicin gudu ne na tsawon lokacin da katin ya tare haske, kuma ya yi daidai da ainihin gudun kurar a tsakiyar wannan lokacin. Idan malam ya zaɓi hanyar raba bambancin gudu da lokacin tafiya, to lokacin da ya kamata ya ɗauka shi ne daga tsakiyar tarewar farko zuwa tsakiyar ta biyu. Wasu agogon kuwa daga farkon tarewa zuwa farkon tarewa suke ƙirgawa. A misalinmu na sama, lokacin gaskiya kusan sakan 0.615 ne, amma irin wannan agogon zai nuna kusan 0.634, amsa ta sauka zuwa 0.47. Kashi uku cikin ɗari ya tafi ba tare da kowa ya lura ba. Maganinsa a gajarta katin, ko a gyara lissafin, ko a koma hanyar tazara. Gajarta kati kuma yana ƙara nauyin kuskuren awon tsawonsa, shi ya sa nake tsayawa tsakanin santimita 5 zuwa 10.

Ƙofa ɗaya ko biyu? Ba dole ne a sayi biyu ba. Ana iya yanka kati mai kunne biyu, kamar harafin U, kowane kunne ya tare haske sau ɗaya. Ƙofa guda ta ba da gudun kunnen farko da na biyu da lokacin da ke tsakani. Amfaninsa biyu ne: rabin kuɗi, kuma ido ɗaya ne ya ga kunnuwan duka, don haka babu saɓanin ƙofa da ƙofa. Illarsa ita ce kunnuwan suna kusa, bambancin gudu ƙarami ne, musamman a gangare mai laushi. Ƙofa biyu sun fi a inda ake son ɗalibi ya riƙa matsar da ta biyun gaba, santimita 20, 40, 60, ya zana jadawali ya ga layi ya miƙe. Don auna jan ƙasa kuwa, akwai wani faifan roba mai layuka baƙaƙe a jere, na Vernier tazarar santimita 5 ce tsakanin layi da layi, ana sakinsa ya faɗa ta cikin ƙofa ɗaya. A hannu mai natsuwa yana ba da amsa kusa da 9.8 ba tare da wahala ba. A nan ne nake son gaya wa yara cewa 10 ɗin da ake ba su a takardar jarrabawa taƙaitawa ce, kuma a wajejen Kano da Zinder da Accra, da yake muna kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, adadin ya fi kusa da 9.78, alhali a ƙuryar arewacin duniya ya kai 9.83.

Kada a saki ƙwallon ƙarfe ta cikin ƙofa a raba faɗinsa da lokaci, sai in an tabbata ta tsakiyarsa hasken ya bi. In ya kauce gefe kaɗan, abin da ya tare hasken ya gajarta, gudu ya fito fiye da gaskiya.

Abin da takardar talla ba ta faɗa shi ne yanayinmu. Hasken rana cike yake da infared. Na taɓa kafa ƙofa a tebur kusa da taga da hantsi, kura ta wuce sau uku agogo bai motsa ba, yara suka fara raɗa cewa ta lalace. Da muka ja teburin cikin ɗaki ta kama aiki nan take. Rana ce take cika ɗan idon da haske, ko kati ya tare fitilar bai san an tare ba. A lokacin hunturu kuma ƙura takan toshe 'yan ramukan, sai an share da auduga busasshiya, a adana su cikin leda a ɗaure. Farar takarda mai laushi ma infared na iya ratsa ta. Baƙin kwali mai kauri ko ɗan falle na alminiyam ya fi. In ana shakkar ko fitilar na ci, a duba ta da kyamarar waya: yawancinsu kan nuna ɗan haske mai ruwan shuni.

Sai batun abin da ƙofar za ta jona. Wasu sai da kwamfuta da manhaja da wani akwatin tsakani. Wasu suna da ƙaramin agogonsu mai batir da allo. Sababbi kuma suna magana da waya ta Bluetooth. A makarantar da wuta ke zuwa ta ɗauke, kwamfutar kuma ɗaya ce tana ofishin shugaba, mai agogon kanta ita ce zaɓi, ko da ta rasa kyawawan jadawalai. Ni ma na fi son ta don wani dalili daban: lokaci kawai take bayarwa, ɗalibi ne zai yi lissafin. Manhajar da ke fito da amsa a gama tana iya sa yaro ya kwafi 0.49 bai san daga ina ta fito ba.

Na'urar ɗiga

Wannan ita ce wadda yawancinmu muka fara gani. Ana ɗaura doguwar takarda siririya a bayan kura, ta bi ta ƙarƙashin wani ɗan ƙarfe mai kaɗawa, yana buga ɗigo ta kan takardar kabon. Tana aiki da wutar da ke juyawa, mai ƙaramin ƙarfi ta hanyar taransifoma, kuma da yake wutar Najeriya da Nijar da Ghana sau 50 take juyawa a sakan, tsakanin ɗigo da ɗigo sakan 0.02 ne. A Amurka 60 ne, don haka a yi hattara da littafin da aka rubuta can.

A daidaito ba ta kama ƙafar ƙofar haske ba. Takardar tana gogar na'urar tana jan kura baya, shi ya sa in an auna jan ƙasa da ita amsa kan fito ƙasa da yadda ya kamata. Ɗigon farko-farko suna cunkushewa wuri ɗaya ba a iya ƙirga su. Babbar damuwa a wurinmu kuma ita ce 50 ɗin nan. A kan ƙaramin janareto, juyawar wuta tana bin gudun inji. A kunna wani abu mai jan wuta, inji ya nisa, tazarar ɗigo ta canja, kai kuma kana lissafi da 0.02. Inbata mai kyau ta fi riƙe 50 ɗin.

Duk da haka ba zan yarda a jefar da ita ba, kuma ga dalili. Ka sa yara su yanka takardar a kowace tazara goma, wato kowane sakan 0.2, su liƙa guntayen a tsaye gefe da gefe a kan takarda. Abin da zai fito matakala ce, kowace ta fi ta baya tsawo da ƙima ɗaya. Na ga yaron da ya yi wata guda yana haddace ma'anar ƙaruwar gudu bai gane ba, ya ɗora yatsa a kan matakalar nan yana bi sama, ya ɗago ya ce, "Malam, ashe ƙarin ne ba ya canjawa." Babu ƙofar hasken da ta taɓa ba ni wannan. Ƙofa tana ba da gudu a wuri biyu, takardar ɗiga tana ba da tafiyar duka, kuma yaro yana iya naɗe ta ya saka a littafinsa. Kuɗinta kaɗan ne, amma tana cin takarda da kabon, kuma su ne ke ƙarewa a bar na'urar a kabad tana shan ƙura.

Wayar malam

Waya ta kawo abin da ba mu da shi a da. Hoton bidiyo na yau da kullum firam 30 ne a sakan, wato kusan sakan 0.033 tsakanin hoto da hoto. Faɗuwar mita ɗaya za ta ba ka firam goma sha uku ko makamancin haka. Wayoyi da yawa suna da ɗauka mai jinkiri, firam 120 ko 240, inda faɗuwar nan za ta wuce firam hamsin a 120, ta wuce ɗari a 240. Akwai manhajar Tracker, kyauta ce, Douglas Brown ne ya rubuta ta a Kalifoniya. Kana nuna mata wurin abin a kowane firam, ita kuma ta zana jadawalin tazara da gudu. Akwai kuma phyphox, daga jami'ar RWTH da ke Aachen a Jamus, ita ma kyauta, wadda ke da agogon da ƙara ke tayarwa ƙara ke tsayarwa. A rataye nauyi a jikin balan-balan, a fasa, ƙarar fashewa ta tayar da agogo, ƙarar faɗuwa a kan faranti ta tsayar da shi. A ajiye wayar a tsakiyar tsayin, domin sauti ma yana cin kusan sakan 0.003 a kowace mita.

Raunin bidiyo na ido ne. Dole rula ta kasance a layi ɗaya da abin da ke tafiya, ba a bango can baya ba, in ba haka ba ma'auni ya ɓaci. Dole wayar ta tsaya cik a kan wani abu, tana kallon katakon kai tsaye daga ɗan nesa. A ɗaki mai duhu hoton kan yi jirwaye, ba ka san ina ne gaban ƙwallon ba. A ƙarshen faɗuwar mita ɗaya yana cin kusan santimita 15 tsakanin firam biyu, in firam 30 ake ɗauka a sakan. A nan rana abokiya ce, akasin ƙofar haske: a fita baranda a ɗauka. Sannan aikin yana cin lokaci, Tracker ta fi daɗin aiki a kan kwamfuta, kuma makarantu da yawa ba su yarda ɗalibai su riƙe waya ba, wato waya ɗaya ce ga aji guda. Ta dace da nuni da aikin gida na 'yan kulob ɗin kimiyya fiye da darasin da kowace ƙungiya za ta taɓa kaya da hannunta.

Haɗa taka da kanka

Ga malamin da ba ya tsoron haɗa wayoyin lantarki da dalma, akwai hanya ta huɗu. Allon Arduino Uno, wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ake haɗa na'urori da ita, yana ƙirga lokaci da matakin sakan 0.000004, abin da ya wuce bukatar kowane ɗakin gwaji na sakandare. Ƙafafunsa na 2 da na 3 suna iya amsa canji nan take, wato ƙofa biyu ke nan. Ana bukatar fitilar infared, da ɗan idon da ake kira fototiransisto, da 'yan resisto, da ƙaramin allo, sai a ciyar da shi daga fawabank. Babu ruwansa da janareto. Gargaɗi ɗaya: kada a yi amfani da LDR, wato resiston nan mai jin haske da ake sa wa fitilun titi. Yana da nawa, yana ɗaukar dubban ninkin lokacin da fototiransisto ke ɗauka kafin ya amsa, kuma zai lalata awon gaba ɗaya. A cusa ɗan idon cikin guntun baƙin bututu, kamar jikin biro, don ya kare shi daga hasken gefe ya kuma siranta abin da yake gani.

Kuɗinta bai kai kusa da na kamfani ba, kuma in ta lalace ana gyara ta a nan, ba sai an jira saƙo daga waje da kuɗin dala ba. Abin da nake tsoro game da ita shi ne takan rayu ne da malamin da ya haɗa ta. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, sai ta koma tarin wayoyi a kwali. Duk wanda ya haɗa, ya rubuta bayani a takarda ya liƙa a murfin, ya kuma koya wa mai kula da ɗakin gwajin da ɗalibai biyu ko uku.

To wanne za a zaɓa?

Ya danganta da darasin da ke gabanka. In kana gabatar da ƙaruwar gudu ne ga 'yan aji ɗaya na babbar sakandare, na'urar ɗiga ce, ba na ko tantama. In ka kai ga dokar Newton ta biyu, mai danganta ƙarfin ja da nauyi da ƙaruwar gudu, inda za a maimaita awo sau ashirin ana canja nauyi, ƙofar haske ce, domin kowane awo sakan kaɗan yake ci kuma ba ta taɓa kurar balle ta ja ta baya. A wannan gwajin a tuna abu biyu: a ɗan karkata katakon har kura ta riƙa tafiya da gudu ɗaya in an ɗan tura ta, wato gudun ƙofar farko da na biyu su zo daidai, sannan in za a ƙara nauyin da ke rataye a zare yana jan kurar, a ɗauko shi daga kan kurar, don jimillar abin da ke tafiya ta zauna yadda take. A tabbata kuma kurar ta wuce ƙofa ta biyu kafin nauyin ya taɓa ƙasa. In abin da ake aunawa ba ya bin miƙaƙƙen layi, kamar ƙwallon da aka jefa, bidiyo ne kawai zai iya.

Da ni aka ba kuɗin makaranta mai ɗalibai sittin a aji, ba zan zuba su duka a ƙofofi masu bukatar kwamfuta ba. Zan sayi na'urar ɗiga huɗu ko biyar da takardar da za ta kai shekara biyu, da ƙofa biyu masu agogon batir waɗanda ƙungiyoyi za su riƙa zagayowa kansu, da madogarar waya mai ƙafa uku. Abin da ya rage zan kai wa kafinta ya fere min katako mai tsawon mita ɗaya da rabi, miƙaƙƙe sumul, da maƙera su yanko katuna na alminiyam, santimita 5 da santimita 10, waɗanda zan auna da baniya kalifa, ma'aunin nan da ya fi rula daidaito, in rubuta ainihin tsawon kowanne a jikinsa da fenti.